Fitilar D ta ɗauke a dashbod ɗin Hilux: ƙwai ne, waya ce, ko giyar ce da kanta?

Mai Hatsi Daura: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Shawarar masana nake nema. Hilux gare ni ƙirar 2010, ta fetur, otomatik. Da ita nake ɗauko hatsi daga Mai'adua da Zango in kawo Daura, wani lokaci har Katsina. Tun da ruwa ya zauna sosai, fitilar nan mai nuna giya a dashbod ta fara min wasa. In na sa P tana nunawa, N ma haka, amma da na ja zuwa D sai wurin ya yi duhu. Wani sa'in in na faɗa rami sai ta ƙyafta, ta sake ɗaukewa. Motar kuwa tafiyarta take yi lafiya lau, tana canja giya yadda ta saba, cek injin bai kama ba. Yaron da ke min gyara ya ce a sayo kan mita gaba ɗaya a canja. Kafin in zuba kuɗi na ce bari in ji ta bakinku.

Baban Amira: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ƙwai ne ya ƙone, ba wani abu ba. Tun da mota na tafiya, mi za ka yi da fitila? Hannunka ai ya san inda D take. Tawa ta daɗe ba ta nunawa, kuma ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba.

Direban Mashi: Gaskiyar Baban Amira. Mu da muka tashi da akori-kura 404, wace fitila ce ke faɗa mana giya? Kunne ne da hannu.

Rewaya Ƙofar Ƙaura: Alhaji, sannu da ƙoƙari. Kada ka sayi kan mita tukuna, don Allah. Direba, 404 manuwal ce, kai ne kake saka giyar da ƙafarka a kan kulochi. Wannan maganar daban ce.

Bari in faɗi yadda wutar take zuwa, don a san inda za a nema. Fitilar da kake gani a dashbod ba daga libar da ke hannunka take samun labari ba. In ka ja liba, ita tana jan kebul ne, a wasu motocin sanda, zuwa jikin giyabos a ƙarƙashin mota. A gefen giyabos ɗin akwai wani suwic a ɗaure a kan sandar da kebul ɗin ke juyawa. Cikinsa akwai tagulla mai zamewa a kan layuka, kowane harafi da layinsa. Wuta tana shigowa daga fiyus, ta bi layin da tagullar ta tsaya a kai, ta hau waya zuwa kan mita, sai harafin ya kama. To ka ga wuraren da za a iya samun matsala: fiyus, kebul, suwic, soket ɗinsa, waya, sannan a ƙarshe kan mitar. Yaronka ya tsallake biyar ya faɗa kan na shida, wanda kuma shi ne mai tsada.

Suwic ɗin nan kuma ba fitila kaɗai yake yi wa aiki ba. Shi ke kunna fitilun ribas na baya, shi ne kuma yake hana kik juyawa sai mota tana P ko N. Shi ya sa zan yi maka tambaya, ka gwada ka dawo mana da amsa, ba sai ka kashe ko sisi ba. Ka ja birkin hannu, ka taka birki, ka murɗa makulli har fitilun dashbod su kama amma kada ka tayar. Ka bi haruffan ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, ka ga wanne ke nunawa, wanne ba ya nunawa. In ka zo R, a samu wani a baya ya duba ko fararen fitilun sun kama. Sannan ka faɗa min, da safe tana yin kik a P kullum da bugu ɗaya?

Baban Amira: Oga rewaya, duk wannan dogon bayani a kan ƙwai guda? Ku dai rewaya ba ku son aiki ya ƙare da wuri.

Rewaya Ƙofar Ƙaura: Baban Amira, in ƙwai ne ni ma na fi so, ai ya huta. Kuma maganarka tana da tushe, ban ƙaryata ka ba. A motocin da ke da ƙananan ƙwayaye a bayan mita, na D ne ke fara mutuwa, don shi ne yake kunne duk tsawon tafiya. P da R minti nawa suke yi a kunne? Amma ba kowace mita ke da ƙwan da ake murɗewa a cire ba. Na baya-bayan nan LED ne a like da dalma a jikin allon, sababbin Hilux kuma daga 2015 zuwa sama, masu giya shida, harafin a kan ɗan sikirin yake fitowa, babu ƙwan da za ka canja. Abin da ya sa ban tsaya a kan ƙwai ba shi ne ƙyaftawar nan da ya ce tana yi in ya faɗa rami, ga kuma abin ya fara da damina.

Ɗan Kwamfuta: Ƙwan da zarensa ya tsinke ma yana iya ƙyaftawa in mota ta girgiza, Oga. Na sha gani.

Rewaya Ƙofar Ƙaura: Haka ne. Shi ya sa na ce ya duba ribas da kik. Ƙonewar ƙwan D ba za ta taɓa fitilun baya ba.

Mai Hatsi Daura: To na gwada bayan la'asar, na tsayar da yarona a baya. P tana nunawa. R ba ta nuna ba da farko, fitilun baya ma ba su kama ba, sai da na ɗan tura libar gaba kaɗan sannan duka biyun suka kama tare. N lafiya. D shiru, ko na jijjiga. Na ƙasa, 2 da L, suna nunawa. Maganar kik kuwa, kwanan nan takan yi shiru da safe, sai na mayar da ita firi, wato N, sannan ta tashi. Mun ɗauka batir ne har na sa an yi masa caji.

Rewaya Ƙofar Ƙaura: Alhamdu lillahi, magana ta fito. Alhaji, ka bar batun kan mita. Fiyus ma ka cire shi daga lissafi, don da fiyus ne ya yanke da ba za ka ga wasu haruffa suna kama wasu suna ƙi ba, tare za su ɗauke, galibi har da wasu abubuwan na mita. Ga mai son dubawa dai, a Toyota ana samunsa a akwatin da ke ƙarƙashin dashbod, a karanta murfin, wanda aka rubuta GAUGE ko MET. Batir kuma da shi ne da ba zai ƙi a P ya yarda a N ba, shi bai san giya ba. Saura uku: kebul, suwic, ko soket.

Baba Bakanike: Salamu alaikum. Na karanta tun daga sama. Yaro rewaya ya yi bayani mai kyau, amma kowa gonarsa yake kallo. Shi yana ganin suwic, ni kuwa kebul nake gani. Alhaji ya ce sai ya tura liba gaba kaɗan R ke kamawa. Wannan alamar liba da giyabos ba su yi daidai ba ne. A bakin kebul ɗin, inda ya shiga sandar giyabos, akwai ɗan bushi na roba. In ya cinye sai a samu wasa: liba ta ce R, sanda ba ta gama isa R ba. Motar da ke bin hanyar ƙauye da lodi, wannan roba ba ta daɗewa.

Kuma ina so masu cewa a ƙyale su ji da kyau. A irin wannan giyabos, abin da ke sa mota ta tafi gaba ko baya ba wutar fitila ba ce, wani bawul ne a ciki da sandar nan take turawa, shi ke buɗe wa man giya hanya. Shi ya sa mota ke tafiya ko fitila ta mutu. To in kebul ya kauce, bawul ɗin yana iya tsayawa rabi da rabi tsakanin N da D, mai ba ya shiga da cikakken ƙarfi, faifan kulochi na ciki suna ta zamewa kana tafe da buhu ashirin a baya. Ba rana ɗaya za ka gani ba, sai ran da man ya fara warin ƙauri. Sannan P ɗin kanta: ɗan ƙarfe ne ke faɗawa cikin haƙori ya riƙe mota. In bai faɗa sosai ba, ka ajiye ta a gangare ba birkin hannu, za ka juyo ka ga tana tafiya ita kaɗai.

Baban Amira: Baba, ka tsorata ni fa. To tawa da ta daɗe a haka?

Baba Bakanike: Taka ban gan ta ba, ɗana. In D kaɗai ce ta mutu, ribas na kamawa, kik na yi a P da N ba gardama, liba tana faɗawa daram a kowane gurbi, wataƙila ƙwai ne kamar yadda ka ce. Je ka yi gwajin da aka ba Alhaji, ai kyauta ne.

Direban Mashi: Ni wata Hilux da na taɓa ja ta yi wannan ƙin kik ɗin. Wani rewaya a bakin tasha ya haɗe wayoyi biyu kawai ya naɗe da salatif, shi ke nan, ko'ina ka sa ta tashi take. Minti biyar ya gama. Alhaji ka yi haka ka huta.

Baba Bakanike: A'a! Direba, kada ka sake ba wani wannan shawarar. Ka san abin da ya yi maka? Ya cire abin da ke hana mota tashi a cikin giya. Ran da aka bar ta a D ko R, wani ya murɗa makulli, tana tashi tana zabura. Ka dubi inda Alhaji ke ajiye motarsa: tsakiyar kasuwa, 'yan dako a bayanta suna lodi, yara masu talla a gabanta, ga dabbobi. Yaron mota ya shiga don ya kunna rediyo ya ɗana makulli, mi kake tsammani?

Direban Mashi: Baba, ai ni da ƙafa a kan birki nake tayarwa kullum.

Baba Bakanike: Kai ke nan. Kai kaɗai ke taɓa motar har abada?

Rewaya Ƙofar Ƙaura: Ina bayan Baba a nan ɗari bisa ɗari. Haɗe wayar nan abu ne da ake yi in ka lalace a daji, don ka iso gari, kana isowa a kwance. Ni ko a garejina in zan gwada, haɗawa nake yi na ɗan lokaci in ga ko kik ɗin lafiya yake, in cire nan take. Kuma ko ka haɗe, fitilar D da ribas ba za su dawo ba, layinsu daban ne. Ga jami'an hanya, motar da ba ta da fitilar ribas ka san ba za su ƙyale ta ba.

Ɗan Kwamfuta: Ku yi haƙuri manya, ni a ganina a sa mata kwamfuta kawai a daina hasashe. Soket ɗin OBD yana nan ƙarƙashin sitiyari, mai rami 16. In suwic ɗin ne, lambar da ake yawan gani ita ce P0705, ma'anarta birenbos, wato kwamfutar da ke cikin motar, ya ga saƙon giya ya rikice, ko ya ga harafi biyu a lokaci guda ko bai ga wanda ya kamata ba.

Mai Hatsi Daura: Amma cek injin bai kama ba, malam.

Ɗan Kwamfuta: Ba lallai ya kama ba, Alhaji. Matsalar da ke zuwa tana tafiya, wani lokaci lambar tana zaune a ciki tana jiran ta maimaitu kafin fitila ta kama. Kuma ba lambar ce ma ta fi amfani ba. Kwamfuta mai kyau tana nuna abin da birenbos ke gani kai tsaye yayin da kake jan liba. In ta nuna D ya shiga amma dashbod duhu, laifin yana tsakanin waya da mita. In ita ma ba ta ga D ba, a sauka ƙasa.

Rewaya Ƙofar Ƙaura: Wannan gaskiya ne, kuma hanya ce mai tsafta. Sai dai amsar da Alhaji ya kawo ta riga ta tura mu ƙasa. Abin da nake gargaɗi a kai, wasu masu kwamfuta suna ganin P0705 sai su ce sayo suwic. Lambar ba ta ce suwic ya mutu ba, ta ce saƙo bai zo daidai ba. Soket mai tsatsa zai ba ka wannan lambar, wayar da ɓera ya ci ma zai ba ka.

Direban Mashi: Ɓera kuma a cikin Hilux?

Rewaya Ƙofar Ƙaura: Direba, motar hatsi ce fa. Gero da dawa suna zubewa a bodi, a kwana da ita kusa da sito, injin da ɗumi. Na sha buɗe bayan dashbod in tarar da sheƙa da ƙaiƙayi. Alhaji ya sa a haska tocila a bi wayar daga giyabos zuwa sama, ko ba don wannan matsalar ba.

Maman Sadiq: Salamu alaikum, ku gafarce ni in shigo da tawa. Honda Accord gare ni, ita D ɗin ba mutuwa ta yi ba, ƙyaftawa take yi a jere ba tsayawa, kamar sigina. Duk abu ɗaya ne da na Alhaji?

Ɗan Kwamfuta: A'a Hajiya, taki daban ce, kuma ta fi gaggawa. A Honda, D mai ƙyaftawa a jere da gangan motar ke yi, tana sanar da ke cewa kwamfutar giya ta ga matsala ta ajiye lamba. Tsofaffin Toyota da fitilar O/D OFF suke yin irin wannan. Kada ki yi doguwar tafiya da ita, a karanta lambar tukuna, a duba man giya.

Maman Sadiq: Na gode ƙwarai. Gobe da ma Kano za ni da ita, na fasa sai an duba.

Mai Sifiya: Alhaji, in suwic ne akwai shi a wurina, sabo da na Baljiyam. Kan mita ma akwai in an buƙata. Ka yi min magana ta gefe.

Shugaban Zaure: Mai Sifiya, ka san dokar zaure, talla sai ranar Juma'a. Amma tun da ka shigo, ba su shawara ta sana'a.

Mai Sifiya: Tuba nake shugaba. To shawara: duk wanda zai sayi wannan suwic, ya zo da tsohon a hannu ko ya ɗauko hoton lambar da ke jikinsa da na bakin soket. Hilux mai giya huɗu da mai giya biyar ba lallai su yi amfani da iri ɗaya ba, kuma a ido sun yi kama. Mutum ya tafi har Ƙofar Ruwa a Kano ya dawo, soket ya ƙi shiga, ya ce mun cuce shi. Kan mita kuwa gaskiya ban ba da shawara ba, ko da yake ni ke sayarwa. Ta dizal da ta fetur ba ɗaya ba ce, ta manuwal ba ta da haruffan giya sam, kuma kilomitar da mota ta ci a cikin mitar take a ajiye. Ka canja, ran sayarwa mai saye ya ga lamba ba ta dace da motar ba, sai ka yi ta rantsuwa.

Mai Hatsi Daura: Allah Ya saka wa kowa da alheri. Baba da Oga rewaya, yanzu wanne zan fara? Bakanike zan kai wa ko rewaya? Kuma akwai abin da na tuna: kafin damina an sauke giyabos ɗin a wani gareji, an canja oyil sil na bayan injin da ke yoyo.

Baba Bakanike: To ai ga zancen! An sauke giyabos, dole an kwance kebul, an zare soket. Wurin mayarwa ne ake samun kuskure. Ga yadda za a bi, ka tsaya a kansu ka gani da idonka.

A hau rami, ko fili mai daidai. Injin a kashe, birkin hannu a sama, a sa waigi gaba da baya, a bar salansa ta huce don kusa da wurin take bi. Wani ya zauna a ciki yana jan liba a hankali, wani yana ƙasa yana kallon sandar. In liba ta motsa sanda ba ta motsa nan take ba, akwai wasa, a duba bushi. In babu wasa, a kwance kebul daga sandar, a tura sandar da hannu har ƙarshe wajen P, sannan a dawo da ita ƙas, ƙas, sau biyu. Na farko R, na biyu N. A sa libar ciki ita ma a N, sannan a ɗaure. Shi ke nan saitin kebul, ba wani sihiri.

Rewaya Ƙofar Ƙaura: Daga nan sai nawa. Tana nan a N ɗin, a dubi fuskar suwic bayan an goge laka. Toyota sun ja wani layi a jikinsa, a kan sandar kuma akwai tsagi. A N dole tsagin da layin su miƙe sak. In sun kauce, a sassauta ƙusar da ke riƙe da suwic ɗin, ramin ta dogo ne don a iya juya shi, a daidaita a ɗaure. Kada a matse da ƙarfin tsiya, jikinsa ba ƙarfe mai tauri ba ne.

Amma kafin wannan a zare soket a leƙa. In an ga kore-kore a kan fil ɗin, ruwa ya shiga. A wanke da feshin wanke waya, a busar, a duba ko wani fil ya ja baya ko ya buɗe baki. Sai a sa fitilar gwaji: makulli a kunne, a tabbatar wutar batir, volt 12, tana shigowa, sannan a bi haruffa a ga kowanne yana fitar da wuta a wayarsa. In wuta ta fita a wayar D amma dashbod bai nuna ba, sai a lokacin za a kwance mita. In ba ta fita ba bayan an yi saiti, cikin suwic ne.

Kuma cikin nasa ana buɗewa, ba dole sai sabo ba. Sukurori ne a bayansa. Abin da ake tararwa tsohon giris ne ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare, tagullar ta kasa tasowa ta taɓa layi. Mai buɗewa ya shimfiɗa farin ƙyalle, don a ƙarƙashin tagullar akwai 'yan sifirin ƙanana ƙwarai, in ɗaya ya yi tsalle cikin yashin gareji an yi sallama da shi. A goge layukan har su yi haske, a shafa giris na lantarki kaɗan, ba baƙin giris na ƙafa ba, a mayar da robar bakin yadda take. In layin ya cinye har ya yi rami, to nan kam a je wurin Mai Sifiya.

Baba Bakanike: Ni ban cika son buɗe shi ba. In aka buɗe ba ya komawa ya hana ruwa kamar da. Mai bin kwazazzabai da damina gara ya sa sabo na asali.

Rewaya Ƙofar Ƙaura: Na asali in an samu, Baba. Amma tsohon Toyota da aka wanke ya fi min sabon jabu da ke cikin kwali mai kyau. Na ga wanda aka sa, wata bai cika ba R da N suna kamawa tare.

Mai Sifiya: Oga, ba a shagona ba dai.

Mai Hatsi Daura: Salamu alaikum, na dawo da labari. Jiya na shigo Katsina da lodi, bayan na sauke na kai ta aka hau rami, na tsaya a kai kamar yadda Baba ya ce. Bushin kebul lafiyarsa ƙalau, babu wasa. Amma layin suwic da tsagin ba su haɗu ba, a ido ma ana gani. Soket ɗin kuma ɗan maƙallinsa a karye yake, an ɗaure shi da waya kawai, ciki duk laka da kore-kore, fil ɗaya ya kusa cinyewa. Aka wanke, aka yi saiti. Nan take R ta dawo daram, kik ma a P bugu ɗaya. D ta kama, amma in aka taɓa soket ɗin da hannu sai ta ƙyafta. Ba a buɗe suwic ɗin ba. Na dawo Daura ta Mashi da dare, a hanya ta ɗauke sau da dama ta dawo.

Baban Amira: Ashe ba ƙwai ba ne. Ni ma na gwada tawa, ribas na kamawa, kik lafiya, D ce kawai babu.

Direban Mashi: To Baba da rewaya wa ya ci?

Baba Bakanike: Na ce wurin mayarwa ne, kuma wurin mayarwa ne. Bushi dai ya wanke kansa.

Rewaya Ƙofar Ƙaura: Baban Amira, taka kawo ta a zare mita a duba bayan D, aikin ɗan lokaci ne. A cire kan batir kafin a zare soket ɗin mitar.

Alhaji, aikinka bai ƙare ba. Fil ɗin da ya cinye shi ne na D, wanki ba zai mayar masa da naman da tsatsa ta ci ba, kuma muddin maƙallin a karye yake ruwa zai sake shiga. A nemo soket irinsa da guntun wayoyinsa daga motar da aka yanka, 'yan sifiya suna da su. A yanke tsohon waya ɗaya bayan ɗaya, ana haɗawa da dalma ana rufewa da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, kada a yanke duka lokaci guda a rikita launi, kuma ban da murɗawa da hannu a naɗe da salatif. A ɗaure wayar nesa da salansa. Masu wankin mota kuma ka ce musu su daina saita bakin injin feshi a wurin.

Mai Hatsi Daura: In sha Allahu. Mai Sifiya, zan turo maka hoton soket ɗin ta gefe, ka duba min ko akwai mai wayoyinsa. Ranar da zan shigo da lodin wake sai in biyo in karɓa.

Mai Sifiya: Turo har da bayan soket ɗin inda launin wayoyin ya fito, ka ƙirga min fil nawa ne.